Kunyar Ɗan Fari a Zangon Kunkuru

Alhaji Mas'ud ya taɓa zuwa ƙasar Turawa ya kwana a cikin wata mota mai gado da banɗaki, tun daga ranar kuwa bai sake barin kunnen kowa ya huta ba. Ƙarshenta dai ya sayi wani makeken fili a gefen hanyar Jos, bayan an wuce Tudun Wada kafin a kai Doguwa, ya kewaye shi da waya, ya sa aka yo masa odar irin motocin nan. Kowace mota aka yi mata dandamalin siminti, da sandar lantarki, da famfo a gefenta. Mai irin motar ya zo da tasa ya kafa, wanda ba shi da ita ya kama ta Alhaji ya kwana. A allon bakin ƙofa an rubuta Zangon Hutu da manyan baƙaƙe. Amma mutanen karkara da suka ga mota na goye da ɗakinta sai suka ce ai wannan kunkuru ne. Shi ke nan wurin ya zama Zangon Kunkuru, kuma babu fentin da zai iya goge wannan.

Wanda ya haɗa wutar sola da ruwan wurin shi ne Injiniya Muhammad, wani dogon saurayi mai tsafta, wanda takalminsa ba ya kwana da ƙura. Alhaji yana ji da shi sosai, har ya saba da gidan, har idonsa ya faɗa kan Rumaisa, 'yar Alhajin ta uku, ita ma ba ta nuna ta ƙi ba. Magana ta kai inda ake jiran a ce masa ya turo magabata. A nan ne gizo yake saƙa, domin akwai abin da Injiniya bai taɓa faɗa wa kowa a gidan ba.

In an tambaye shi asali, cewa yake, “Mu mutanen Tudun Wada ne, marigayi mahaifina harkar shanu yake yi.” Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai a cikin birnin Kano in ka ce harkar shanu, tirela ake hangowa da dillalai a bayanka, ba mutum da sanda a kafaɗa yana bin garke a cikin raɓa ba. Ya san abin da suke hangowa, ya kuma bar su da shi. Sunansa na gida Hamman, ɗan farin Buba da Inna Barakatu. A ruga aka haife shi, wani kawunsa ne ya ɗauke shi zuwa birni ya sa shi boko.

Ranar da aka fara kai shi ya duba filin, yana sauka daga mota ya ga ɗorawar nan mai reshe ɗaya a karye, sai ya gane wurin. Nan ne mashekarinsu na damina, inda suke sauka da shanu tun yana tsirara. Alhaji yana ta nuna masa ciyawa yana cewa, “Dubi kore, Injiniya. Duk yankin nan babu inda ciyawa ta yi kyau kamar nan, shi ya sa na zaɓe shi.” Hamman ya ce lallai ƙasar tana da albarka. Bai ce kashin shanun ubansa ne na shekara da shekaru ba.

Da aka gama ginin, Alhaji ya ce kafin a buɗe wa baƙi sai iyalinsa sun fara ɗanɗanawa, kuma da Injiniya za a je. Hamman bai damu ba. Tun farkon damina ya yi waya da ƙaninsa Mudi, ya ce masa bana suna can wajen Ba'awa, tunda an kewaye tsohon wurinsu. Bai sake kira ba, domin amsar ta yi masa daɗi, ba ya so ta canza.

Suka iso ranar Juma'a da yamma, damina tana ban kwana, duwatsun kudu sun yi shuɗi. Aka ba shi tasa motar shi kaɗai. Ya sunkuya ya shiga, kansa ya gogi rufi. Gado a can ƙurya, ɗan murhun gas, firji kamar akwati, banɗakin da in ka juya sai gwiwar hannunka ta bugi bango. 'Ya'yan Alhaji suna ta ɗaukar hoto suna murna wai yau za su kwana a gida mai tafiya. Hamman ya yi dariya tare da su, amma a ransa haushi ne ya kama shi. Gida mai tafiya a cikinsa ya girma, ana ɗaure shi a bayan bijimi da jaki, kuma saboda shi ne yaran makaranta suka riƙa kiransa ɗan daji. Yanzu da aka sa masa taya da na'urar sanyi ya zama abin yayi.

Da safe aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfar da ke manne da motar Alhaji. An kawo shayi da ƙwai da burodi, amma Hajiya Balaraba, uwar Rumaisa, ta ture kofinta.

“Ni fa ban baro Kano don in sha shayi ba,” in ji ta. “A ce muna tsakiyar Fulani a rasa kindirmo? Maigadi, babu masu nono a nan?”

Maigadi ya ce ai tun ɗazu ga wasu can a bakin ƙofa, shi ne ya hana su shigowa. Hajiya ta ce a shigo da ɗaya.

Hamman yana cikin bayyana wa Alhaji yadda batir ke riƙe wuta, sai ya hango ƙwarya tana tahowa a tsakanin fararen motocin. Tafiyar ya fara ganewa kafin fuskar. Sannan ya gane zanen, shuɗi mai ratsin fari, wanda shi da kansa ya aika da shi da babbar Salla a madadin zuwansa. Ya katse maganar batir. Inna ce.

Ta iso ta yi sallama, ta durƙusa ta sauke ƙwaryar. Da ta ɗago, idonta ya sauka a kansa, sai ta yi maza ta kau da fuska gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin kuncinta.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa. Ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana son ya ci abinci, sai ta ce da Mudi, “Gaya wa wancan tuwo na hucewa.” Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama inda ya zauna, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta tsaya a bayan bukka tana tambayar kakarsa yaya jikin. Yana yaro abin yana ƙona masa rai. Sau da yawa yakan ɓuya a bayan maruƙa yana fatan ta neme shi, ta kira sunansa ko sau ɗaya. Ba ta taɓa yi ba. Sai da ya girma ya gane cewa a rugarsu duk wanda uwa ta fi kau da kai daga gare shi, shi ne ya fi zama a ranta.

Amma al'adar tana da ɗaya gefen, kuma ya san shi sarai. Uwa ce ke kau da kai. Ɗa kuwa tashi yake yi ya cire takalmi, ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ko da bango za ta amsa wa. Ƙafafunsa ma har sun motsa za su tashi da kansu. Sai ya dubi Hajiya da zobban gwal a yatsunta, ya dubi Rumaisa, ya dubi faso a dugadugan Inna da silifas ɗinta da aka ɗaure da zare. Wani tunani mara kyau ya zo masa: ai ba za ta yi magana ba. Ko za a yanka ta ba za ta ce wannan ɗana ne ba. Ya gyara zama a kan kujerarsa.

Hajiya ta ɗage faifai ta leƙa. “Kai, wannan ya yi kauri. Injiniya, kai ne ɗan ƙasa, kana jin Fillanci kuwa?”

“Kaɗan-kaɗan, Hajiya,” in ji shi. Shi da sai da ya shiga aji ɗaya ya koyi Hausa.

“To tambayar mana ita, na yau ne ko kwantai? Ka san su da wayo, in sun ga baƙi sai su ƙara ruwa.”

Da ya yi shiru ma da ya fi. Amma kowa ya zuba masa ido, shi kuma yana so ya nuna babu komai. Ya buɗe baki cikin Hausar birni, irin wadda yake yi wa masu talla a bakin ofis.

“Baiwar Allah, nonon nan na yau ne?”

Hannun Inna ya tsaya a kan ludayi. Ba ta daɗe ba, ta ci gaba da damawa. Ƙwaryar ta amsa wa, ba shi ba.

“Na jiya da yamma ne, ya kwana. Ba ruwa a ciki.”

Aka kawo kofuna. Ta dama wa kowa fura, tana tambaya a sa sukari ko kar a sa. Da ta zo kan kofi na ƙarshe ba ta tambayi kowa ba. Ta zuba zallan kindirmo, babu fura babu sukari, ta lakato ɗan man shanu daga ƙaramar ƙwarya ta ɗora a kai, ta ajiye kofin a gefen darduma ta inda hannunsa zai kai. Haka yake sha tun yana yaro. Rumaisa ta dubi kofin, ta dube shi. Ya ɗauka ya kurɓa, ya ji kamar ƙaya yake haɗiya.

Da abin ya tsaya a nan, da ya tsira da mutuncinsa na birni. To amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Abokiyar tafiyar Inna, Goggo Ummulkhairi, ƙanwar marigayi Buba, ta gaji da jira a bakin ƙofa, ta ture maigadi ta shigo da tata ƙwaryar. Ita kuwa Goggo ba ta haɗa kunya da kowa ba, bakinta kuma ba shi da linzami. Tun daga nesa ta tsaya ta dafe ƙirji.

“Wa nake gani haka? Hamman? Aradu Hamman ne. Kai ɗan nan, kana nan kusa da mu ba ka leƙo ba?” Ta juya wajen Inna. “Barakatu, ke ma kin gan shi kika yi shiru?”

Kowa ya juyo ya dubi Hamman. Ya yi fatan dandamalin simintin nan da shi ya auna ya tsage ya shige.

“Kin san shi ne?” in ji Hajiya.

“In san shi? Ni na yi masa wankan farko a gindin ɗorawar can. Ga uwarsa nan a gabanku, shi ne ɗanta na fari.”

Hamman ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Sai ya ji Alhaji Mas'ud ya tafa hannu yana dariya, dariyar jin daɗi.

“Allahu Akbar. Kunyar ɗan fari ke nan. Hajiya, kin gani? Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, haka take yi wa babban kawunmu, har ta mutu ba ta kama sunansa ba. Wallahi na ɗauka abin nan ya ƙare a duniya.” Ya juya ga 'ya'yansa. “Ku dubi tarbiyya. Mutum da digirinsa, uwarsa a gabansa, amma ya danne zuciyarsa saboda al'ada. Ku kuwa uwarku tana magana kuna danna waya.”

Hajiya dai ba ta gamsu ba tukuna. Ta dubi Inna ta ce, “Ikon Allah. Haka ne, Inna? Har shi ma ba ya gaishe ki?”

Goggo Ummulkhairi ta buɗe baki, kuma Hamman ya san abin da zai fito. Sai ya ga Inna ta miƙa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta taɓa ƙafar Goggo. Goggo ta rufe bakinta.

“Haka muke,” in ji Inna a hankali, idonta a kan faifai. “Ni ba na kallonsa, shi ma ba ya kallona. A gaban mutane ba mu san juna ba.”

Bai taɓa jin Inna ta yi ƙarya ba sai yau, kuma dominsa ta yi.

Nan da nan wuri ya rikice da karramawa. Hajiya ta tashi ta kamo hannun Inna wai sai ta hau darduma, Inna ta ƙi, ta ce ba ta zama inda wancan yake. Wannan ma ya ƙara burge Alhaji. Aka shiga da ita cikin motar a nuna mata gado da murhu, ta leƙa ta fito ta ce, “Yana da kyau. Namu dai ba ya shan mai.” Aka yi dariya. Alhaji ya dafa kafaɗar Hamman ya ce, “Injiniya, ni asali nake nema, na kuwa gani da idona. Ka turo magabatanka.”

Abin da ya yi wata da watanni yana addu'a a kai ke nan, ga shi an ba shi a gaban kowa. Ya ce na gode, muryarsa kamar ta wani. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Duk yabon da Alhaji ya ƙara, sai ya ji kamar ana tuɓe masa riga a kasuwa, domin mutum uku a wurin sun san gaskiya, shi da Goggo da Inna.

Ashe huɗu ne. Da matan suka ɗauki ƙorensu suka fita, Rumaisa ta zo tattara kofuna. Ta ɗauki nasa, wanda bai sha rabi ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

“A wajenku ɗan fari baiwar Allah yake ce wa mahaifiyarsa?”

Ba ta jira amsa ba, ta shige mota.

Bayan azahar ya ce zai je duba famfon rijiya. Ya fita ta ƙaramar ƙofar baya, ya bi sawun shanu a gefen waya. Rugar ba ta da nisa ko kaɗan, tana bayan wani ɗan tudu. Ashe wurin Ba'awa bai karɓe su ba, gonaki sun cinye burtalin shanu, suka dawo suka raɓa a bayan tsohon mashekarinsu. Daga ƙofar bukkar Inna ana hango rufin motocin suna ƙyalli, da allunan solar da ya kafa da hannunsa.

Goggo ce ta fara ganinsa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta yi tsaki, ta ɗauki tulu ta yi rafi. A wurin Goggo yin shiru ya fi zagi.

Inna tana zaune a kan ɗan kututture tana wanke ƙore da toka. Ya cire takalminsa tun daga nesa, ya taka ƙasa mai danshi da safa, ya tsuguna inda ya saba tsugunawa, wajen turken maruƙa. Ya gaishe ta da Fillanci, harshen yana yi masa nauyi don kunya. Ya jira ta juya masa baya kamar kullum, ta ce da maraƙi ko da iska, a gaya wa wancan an gode. Daga nan ya san yadda zai yi, zai yi ta ba bayanta haƙuri har ta sauko.

Ba ta juya ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta goge hannu a zanen da ya aiko mata, ta ɗago ta dube shi sosai, ido cikin ido. Bai taɓa ganin idanunta haka ba. Ashe akwai ɗan fari-fari da ya fara taruwa a na hagun, bai sani ba. Babu fushi a fuskarta. Irin kallon da take yi wa direbobin da ke tsayawa sayen nono a bakin titi ne, mai fara'a daidai gwargwado.

“Sannu da zuwa, Injiniya Muhammadu,” in ji ta da Hausa. “Nono ya ƙare, sai dai gobe.”

Tun yana ɓuya a bayan maruƙa yake jiran ranar da za ta dube shi ta kira sunansa. Ya tsaya a tsugune, hawaye na zuba a kan safarsa.

“Inna,” ya ce, “don Allah ki kau da kai.”

Ta ci gaba da kallonsa.